Bas Mai Sauri a Sakkwato: Wa Zai Bar Ɗan Kabu-kabu Ya Tsaya Jira?

Ka tsaya a bakin titi kusa da shataletalen Gidan Man Ada da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu. Ba sai ka ɗaga hannu ba. Kafin ka gama share zufa, mashin biyu ko uku sun rage gudu a gabanka, wannan ya danna hon, wancan ya ɗaga maka gira. Idan ka hau, ba a tasha zai sauke ka ba. Har ƙofar gida zai kai ka, ko da gidan yana ƙuryar wani lungu a bayan Hubbare. Duk wanda zai tsara wa Sakkwato motocin bas, da wannan yaron zai yi takara, kuma yaron ya riga shi mallakar abu biyu da fasinja ya fi so: ba jira, ba tattaki.

Abu ɗaya ne ya rage wa ɗan kabu-kabu farin jini, shi ne kuɗi. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur da ke ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mashin da keke napep, wanda wasu ke wa laƙabi da agwagwa da buje, duk fetur suke sha, kuma mutum ɗaya ko uku zuwa huɗu ne ke raba kuɗin man a tsakaninsu. Magidancin da ke da yara huɗu a makaranta, shi ma kullum sai ya je sakatariya ya dawo, ya san ta inda albashinsa ke zurarewa. Wannan ne ya dawo da zancen motocin haya na gwamnati bakin mutane, kuma da wuya hirar ta yi nisa wani bai ce, "A yi muna irin na Legas" ba.

Irin na Legas ɗin shi ake kira BRT, wato bas da aka ware wa hanyarta ita kaɗai. Dabarar ta fito ne daga birnin Kuritiba na ƙasar Brazil a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, wanda asalinsa mai zanen gine-gine ne. Sun ga jirgin ƙasa na cikin gari ya fi ƙarfin aljihunsu, sai suka duba me ya sa jirgin ya fi bas sauri. Ashe ba ƙarfin inji ba ne. Jirgi ba ya haɗa hanya da kowa. Fasinja ya riga ya biya kafin ya iso. Dandamalin tasha daidai yake da ƙofar shiga, ba hawa ba gangarawa. Kuma ba ya tsayawa sai inda aka tsara. Sannu a hankali suka kwashe waɗannan halaye suka ɗora wa mota mai taya. Bogota ta ƙasar Kolombiya ta ɗauki tsarin ta faɗaɗa shi a ƙarshen shekarar 2000. Legas ta buɗe nata a watan Maris 2008, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS. Darussalam ta Tanzaniya ta biyo baya a 2016, Dakar kuma a 2024 da motoci masu amfani da lantarki.

Waɗannan birane ciwonsu ɗaya: cunkoson da ke cinye wa ma'aikaci sa'o'i a kan hanya kowace rana. A irin wannan gari, ware wa bas layinta kamar buɗe wa ruwa magudana ne. Mutumin da ke cikin motarsa a tsaye cak yana ganin bas ta wuce shi fuu, gobe da kansa zai ajiye motar.

Sakkwato fa? A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da ta Kudu sun haɗa mutum dubu 427 da 'yan kai. Garin ya ƙaru sosai tun lokacin, ya kutsa cikin Wamakko da Kware da Dange-Shuni, amma faɗaɗa ya yi a kwance, bai yi sama ba. Manyan titunanmu, irin su Ahmadu Bello Way da titin Maiduguri da titin Kano da hanyoyin bayan gari na gabas da yamma, yawancin yini suna tafiya. Cunkoson da muke da shi na wuri-wuri ne, kuma na lokaci-lokaci: kewayen Babbar Kasuwa da Babbar Tasha, ƙofar makarantu in an tashi, gaban masallatai ranar Juma'a, sai hada-hadar la'asar a watan azumi. In ka duba da kyau ma, sau da yawa ba yawan motoci ke toshe wurin ba. Mai tireda ya ci rabin kwalta, wani ya ajiye mota a layi na biyu ya shiga sayayya, keke uku sun tsaya a jere suna cinikin fasinja ɗaya.

Wanda ya ɗauko maganin ciwon Legas ya ɗura wa Sakkwato, ga abin da zai faru. Layin da aka killace wa bas yana kare kansa ne idan ido yana ganin bas a kai a kai. Motar da ke ɗaukar mutum 60, tana wucewa duk minti biyu, ta kwashe mutum 1,800 a awa guda. Ba mai iya cewa an yi asarar wannan layin. Amma in sai bayan minti 15 ake ganin ɗaya, layin fanko ne a idon kowa. Mashin zai fara shiga, keke ya bi, mai jiniya ya biyo baya, daga nan an gama. Ko inda ake da fasinjan ma, rashin tsari yana kashe shi. Delhi ta Indiya ta buɗe layin BRT da bai kai kilomita shida ba a 2008, masu motoci suka yi ta ƙorafi har kotu, a 2016 gwamnati ta sa aka rushe shi. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka ni a ganina, saurin da Basakkwace ke buƙata ba na gudun mota ba ne. Fasinja ba ya auna tafiya daga lokacin da taya ta fara juyawa. Yana aunawa ne daga fitowarsa gida har isarsa inda za shi. A cikin wannan akwai tattaki zuwa bakin titi, akwai jira, akwai tsaye-tsayen hanya, akwai tattakin ƙarshe. A gari irin namu da tafiye-tafiye ba su da nisa, jiran ne ke cinye kaso mafi tsoka. Tafiyar minti 15 da aka yi wa jiran minti 30 ta zama ta minti 45, ɗan kabu-kabu kuwa ya kai wani ya dawo ya sake kai wani.

Jiran nan lissafi ne da ɗan firamare zai iya. A ce hanya ce mai tsawon kilomita 12, bas kuma tana cin kilomita 20 a awa idan an haɗa da tsaye-tsaye. Zuwa minti 36, dawowa minti 36, a ƙara minti 18 na hutun direba da juyawa a ƙarshen hanya: zagaye ɗaya minti 90 ke nan. In ana son bas ta riƙa zuwa duk minti 10, sai an zuba mota tara a wannan hanya ita kaɗai, da biyu a ajiye saboda gyara. To a ce an sayo goma sha ɗayan nan, sai ranar ƙaddamarwa kowace unguwa ta ce ina nata, kowane ɗan majalisa ya ce mazaɓarsa fa, aka raba su hanya biyar, bibbiyu. Yanzu kowace hanya sai bayan minti 45 za ta ga bas. Kuɗin da aka kashe bai canza ba, motocin su ne dai, amma na farko sufuri ne da mutum zai iya dogara da shi ya fita aiki, na biyu kuwa sa'a ce: in ka dace ka gan ta, ka hau. Rabon da ya yi kama da adalci shi ke kashe tsarin, domin a ƙarshe ba unguwar da ta samu abin da za ta amfana.

Lissafin yana nuna wani abu kuma. Idan cunkoson kasuwa da tsayawa barkatai suka rage tafiyar zuwa kilomita 15 a awa, zagayen ya koma minti 114, sai an nemi mota 12 kafin a riƙe tazarar minti 10. In aka gyara ta koma kilomita 24, mota takwas ta isa. Wato kowane minti da aka ceto a hanya kuɗin mota ne da na direba da na mai. A nan ne dabarun BRT ke da amfani gare mu, amma a gutsure, ba a dunƙule ba: ɗan gajeren layi na bas kaɗai a daidai wuraren da ke toshewa, hana ajiye mota a wurin tsayawarta, ba ta fifiko a mahaɗa, da sayar da tikiti tun a ƙasa don kada kwandasta ya tsayar da mota yana neman canji. Fenti da 'yan duwatsun shinge da ma'aikacin da ba a saye shi da ɗari biyu za su yi mafi yawan aikin da kankare zai yi.

Girman motar ma abin dubawa ne. Gwamnatoci na son doguwar safa, domin ta fi cika hoto. Amma in fasinja 300 ne ke bin hanya a awa, mota mai cin 60 za ta zo duk minti 12, mai cin 30 kuwa duk minti shida. Ta biyun tana buƙatar direbobi ninki biyu, gaskiya ne. Sai dai a nan ƙasar mota da kayan gyaranta ne masu tsada, su ake sayowa da dala. Direba kuwa a gida yake, kuma aikin yake nema.

Akwai al'adar da za ta yi wa wannan tsari kafar ungulu in ba a tare ta ba, ita ce lodi. Mun saba mota ba ta tashi sai ta cika. Na taɓa zama a wata tasha fiye da rabin awa ina kallon ɗan kamasho yana rantsuwa saura mutum ɗaya, ashe biyu daga cikin waɗanda ke zaune ba matafiya ba ne, an ajiye su ne don motar ta yi kama da ta kusa cika. Da fasinjan gaske ya zo sai ɗaya ya zame. Ban ga laifin direban sosai ba. Yana da balas da zai kai wa mai mota da yamma, ya sayi mai, ya sallami 'yan ƙungiya, abin da ya rage ne na cefane. Mutumin da cikinsa ya dogara da yawan kan da ya ɗauka ba zai tashi da kujera fanko don wai agogo ya cika ba, ko da an rubuta jadawalin da ruwan zinari.

Bogota ta sha wannan. Kafin sabon tsarin, direbobi na tsere da juna a titi don kwasar fasinja, har suna kiran abin yaƙin kwabo. Maganin da suka yi, kamar yadda Kuritiba ta yi, shi ne raba kuɗin fasinja da aljihun direba. Kuɗin tikiti duka yana shiga asusu ɗaya, kamfanin da ke tafiyar da motoci kuma ana biyansa ne bisa kilomitar da ya yi a kan jadawali, ko motar ta cika ko ba ta cika ba. In ya makara ko ya tsallake zagaye, a yanke masa. Direba ya koma mai albashi. Da zarar an yi haka, ba shi da dalilin tsayawa a tsakiyar shataletale don ya hango wata da jaka. Na'urar bin sawun mota yanzu ta yi arha, wayar hannu ma tana yi, don haka sanin ko bas ta yi zagayenta ba abu ne mai wuya ba. Mai wuyar shi ne gwamnati ta biya a kan kari kowane wata.

Wannan ya kawo mu ga abin da ba a faɗa ranar yanke kirtani. Duk wanda ya taɓa riƙon doki ya san kuɗin sayensa ne mafi sauƙi. Harawa da dusa da kanwa ne ke gwada mai shi. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙaddamar da shirin sufurin jama'a na tarayya, jihohi suka samu motoci. A 2012, bayan zanga-zangar tallafin mai ta watan Janairu, an sake rabon wasu. Bayan 2023 ma jihohi da dama sun sake saye. Labarin yakan ƙare iri ɗaya: an sa kuɗin mota ƙasa don a tausaya wa talaka, abin da ke shigowa yana isar mai da ɗan albashi amma ba ya isar taya da birki da baƙin mai, balle a tara na sayen sabuwa. Mota ɗaya ta lalace, a ciro kayanta a gyara ta biyu, ta biyun ta tsaya a ciro na ukun. Bayan 'yan shekaru sai ka ga gawarwakinsu a jere a bayan wata ma'aikata, awaki na kwana a ƙarƙashi.

Sassauta kuɗin mota ba laifi ba ne. Birane da yawa a duniya, har na ƙasashe masu arziki, suna cike wa bas giɓi daga baitulmali. Laifin shi ne a yi rangwamen ba a rubuta wanda zai biya shi ba. In tafiya ɗaya tana cin naira kaza, an ce fasinja ya ba da rabi, to sauran rabin ya fito ɓaro-ɓaro a kasafin kuɗi na kowace shekara, da sunansa. Yanayinmu ma yana ƙara wa dokin ci. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana cin taya da batir. A sayi mota iri ɗaya, irin da kanikawan garin suka san cikinta kuma ake samun kayanta a kasuwa, ya fi a kawo wata baƙuwa da sai an jira ƙaramin ƙarfe daga ƙetare wata uku.

Zancen mai kuwa, a taƙaice: iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke tallatawa tun 2023 ta fi arha inda bututu ya kai, amma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano bai biyo ta Sakkwato ba, sai dai a riƙa kawo ta a tanka. Bas mai lantarki irin ta Dakar tana son wutar da ba ta yankewa, ko filin faranti masu zuƙar hasken rana da batura na kanta. Rana kam Allah ya hore mana. Amma ni da za a ji tawa, kada a ɗaura nasarar hanyar farko a kan man da ba a tabbatar da isowarsa kullum ba.

Sai babbar tambaya, wadda takardun tsari kan ba layi biyu alhali ita ce rabin aikin: ina za a kai 'yan kabu-kabu da masu keke? Wannan sana'a ita ce ta rungumi matasan da gona ba ta riƙe ba, da waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan gabashin jihar, da masu takardar digiri da ba su samu aiki ba, har da ma'aikacin da ke fitowa da mashin ɗinsa bayan an tashi ofis don ya cike kuɗin cefane. Wanda ya ce zai share su daga titi da sanarwar rediyo bai san garin ba. Kano ta hana acaɓa a watan Janairu 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Fasinjan bai koma bas ba, A Daidaita Sahu ce ta cika gurbin har ta zama ita ce cunkoson. A ƙarshen Nuwamba 2022 gwamnatin Kano ta sanar da hana kekunan bin wasu manyan tituna don a bai wa sababbin motocin bas wuri, cikin 'yan kwanaki ta janye, saboda motocin da ke ƙasa ba su isa kwashe jama'ar ba.

Inda abin ya yi ƙarko, jawo masu tsohuwar sana'ar aka yi ciki. A Legas, ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta kafa haɗakar da ta fara tafiyar da motocin BRT a 2008. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu, da aka buɗe layinsu na BRT mai suna Rea Vaya a 2009, an sha doguwar tattaunawa mai zafi da masu ƙananan motocin haya, a ƙarshe waɗanda hanyar ta shafa suka ajiye motocinsu suka zama masu hannun jari a kamfanin bas ɗin. A Sakkwato ma dalilin ya wuce na lallashi. Tsohon garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kewaye da ganuwa tun 1809 ba don mota aka yanka lungunansa ba. Bas ba za ta shiga cikin Kanwuri ko bayan Ƙofar Rini ko Ƙofar Taramniya ta ɗauko tsohuwa a ƙofar ɗakinta ba, haka ma ƙuryar Mabera da Gagi in damina ta sauka. Mashin da keke su ne za su kawo mutum bakin babban titi, su kuma karɓe shi in ya sauka. Abin da ya kamata shi ne kowace babbar tasha a yi musu wurin tsayawa na kansu a gefenta, da inuwa, da farashin gajeren zango da kowa ya sani. Doguwar tafiya ce za su rasa, ita ce kuma dama mai cin mai da haɗari. Amma kada a yaudari kai: wasu za su rasa ciniki, kuma su ya kamata a fara ɗauka aikin tuƙi da sayar da tikiti da gadin tasha.

Akwai kuma tarkon biya biyu. In mutum zai ba ɗan kabu-kabu kuɗi ya fito da shi titi, ya biya bas, ya sake biyan wani a ƙarshe, jimillar na iya zarce abin da zai biya mashin ɗaya ya kai shi kai tsaye. Duk farashin da za a yanka wa bas, da wannan ma'aunin za a gwada shi, ba da abin da ya yi daɗin faɗa a taron manema labarai ba.

Ita kanta tashar, a garin nan inuwa ba ado ba ce. Minti 10 a ƙarƙashin dogon yaro da minti 10 a kan kwalta tsirara a watan Mayu ba tsawonsu ɗaya ba. Rumfar gilashi da ƙarfe irin ta hotunan Turai tanda ce a nan. Rufi mai faɗi ake so, buɗe ta kowane gefe don iska, da benci, da randa ko famfo in da hali, da fitila mai aiki da hasken rana saboda masu dawowa bayan isha'i. In aka zo faɗaɗa titi aka sare itatuwan da suka shekara hamsin suna ba da inuwa don a kafa rumfar kwano, an yi ba a yi ba.

Mata kuwa su ne fasinjan da bas za ta fi samu cikin sauƙi, in an yi tunaninsu tun farko. Mace mai goyo da yaro a hannu da leda a ɗaya hannun ba don daɗi take hawa bayan mashin ba. Shi ya sa keke ya samu karɓuwa da zuwansa. Kujerun da aka keɓe wa mata, matakala marar tsawo da tsohuwa za ta iya takawa, wurin ajiye ɗan buhu ko kwando ga mai dawowa daga kasuwa, da tasha a daidai ƙofar asibitin koyarwa da asibitin ƙwararru, ba can nesa da sai an tsallaka titi biyu ba: waɗannan ne za su cika motar da hantsi, lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta suka riga suka wuce. Jadawalin ma ya san garin da yake ciki. Juma'a daban take, azumi daban, kuma direba mutum ne mai salla; a sa wannan cikin lissafin hutunsa tun farko, kada a bar shi ya ajiye mota cike da mutane a bakin masallaci.

Da ni za a tambaya ta ina za a fara, zan ce a duba inda jama'a ke tafiya da yawa, a lokaci sananne, zuwa wuri ɗaya mai nisa. Hanyar mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, daga Dandima a haye Rima zuwa Dundaye, ta cika waɗannan sharuɗɗa, kuma ɗalibai sun riga sun saba da layin shiga mota. Sai hanyar Birnin Kebbi da ta ratsa ta Farfaru, inda kwalejin ilimi da kwalejin kimiyya da fasaha suke, da ɓangaren Arkilla da Kalambaina mai kamfanin siminti da rukunin gidaje. Hanya ɗaya ko biyu da suka ratsa ta kasuwa, a cika su da mota har mutum ya daina tambayar ƙarfe nawa take zuwa. Amma kafin a sayi ko taya ɗaya, a tura matasa da takarda da biro su tsaya a manyan mahaɗu na mako biyu, lokacin karatu da lokacin hutu, su ƙirga mashin da keke da mutanen da ke kai, su tambayi inda aka fito da inda za a da nawa aka biya. Wannan ƙirgar ba ta kai kuɗin mota ɗaya ba, kuma ita ce za ta iya ƙaryata duk abin da na faɗa a sama. In ta nuna akwai titin da ke ɗauke da dubban mutane a awa, to a zuba masa kankaren, na janye.

Hanyar jami'ar tana tuna mana da ruwa. A watan Satumba 2010 ambaliya ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin. Darussalam kuwa ta gina babban garejin motocinta na BRT a Jangwani, cikin kwarin da ruwa ke bi, ambaliya ta yi ta shiga tana lalata motoci. Filin fadama yana da arha da rani, shi ya sa yake jan hankalin mai neman inda zai ajiye mota hamsin.

Duk wannan yana buƙatar mai shi. Birnin ya bazu a ƙananan hukumomi da dama, wasu titunan na tarayya ne wasu na jiha, masu ba da izinin gini daban, masu kula da tashoshi daban, masu tsaron titi daban. Legas ta kafa hukumarta ta tsara sufuri, LAMATA, tun 2002, shekara shida kafin bas ta farko ta hau layin BRT. Shekarun nan an yi su ne ana ƙirga, ana zane, ana zama da 'yan ƙungiya. Ba sai mun yi mai girman tasu ba. Ƙaramin ofis mai doka a bayansa, da injiniyoyi da masu lissafi kaɗan da ba a sauya su duk lokacin da aka sauya kwamishina, ya isa ya riƙe kwangila da jadawali da asusu.

Akwai aiki ɗaya na BRT na gaske da ya kamata wannan ofis ya yi tun yanzu, ko da layin kansa sai nan da shekara 20. Garin yana miƙewa ta hanyar filin jirgi, ta Kwannawa, ta Wamakko, ta hanyar Illela, kuma kowace shekara sabon shago da gidan mai da katanga suna matsowa bakin kwalta. Layi biyu na bas suna cin faɗin kusan mita bakwai, ban da wurin tasha. Yau a waɗannan hanyoyi, ware wannan faɗin aikin ma'auni ne da turaku da sa hannu a taswira. A dasa dogon yaro a kai ya riƙe wurin kafin a buƙace shi. Gadojin sama da aka gina a Runjin Sambo da Rijiyar Ɗorowa sun nuna cewa aiki a wurin da gari ya riga ya cika ba ƙaramin kuɗi yake ci ba. Duk harsashin da aka bari aka kafa a cikin mita bakwan nan bana, gwamnatin da ba a ma zaɓa ba tukuna ce za ta biya diyyar rushe shi.